INA LAIFIN YAKE, GA MA'AIKACI KO GA TSARIN AIKI?

Duk wanda ya taɓa zama a ofis, ko kuwa ya riƙe aji, ya san yadda al'amari ke tafiya ran da aiki ya ɓaci. Fayil ya ɓace, ko lissafin kuɗi ya ƙi daidaita, ko yara sun faɗi jarrabawa, sai babba ya fusata ya ce a nemo masa wanda ya yi. A samo wani akawu ko wani malami a ba shi takardar tuhuma, watakila a tsai da ƙarin albashinsa, ko a jefa shi wani ƙauye inda mota ba ta zuwa. Shi ke nan, hankalin kowa ya kwanta. Amma kafin wata uku sai ga irin wannan ɓarna ta sake aukuwa a hannun wanda aka kawo madadinsa, sa'an nan a ce ai ma'aikatan zamani ne ba su da kirki.

To, masana a jami'o'i da manyan kamfanoni sun daɗe suna bin diddigin wannan matsala, suna auna ta da alƙalami da lissafi. Mun ga ya kyautu mu tsakuro wa masu karatunmu kaɗan daga abin da suka gano. Ko da yake yawancin binciken a ma'aikatun ƙera kaya aka yi shi, a ƙasashe masu nisa, darasinsa ya shafi duk mai aiki a ƙarƙashin wani, ya kuma fi shafar wanda wasu ke aiki a ƙarƙashinsa.

TAKARDA MAI SHAFI ƊAYA

Asalin maganar daga Amurka ta taso, a wani kamfani mai ƙera kayan wayar tarho wai shi Western Electric, wanda a lokacin yake da wata ƙatuwar ma'aikata kusa da birnin Shikago, ana kiranta Hawthorne, mai ma'aikata dubbai. Dabararsu ta tsare ingancin kaya ita ce dabarar kowa a lokacin: a jira sai an gama ƙira, sa'an nan masu dubawa su zauna su tsince marasa kyau su zubar. A watan Mayu na 1924 wani masanin lissafi na kamfanin, Walter Shewhart, ya miƙa wa shugabansa wata takarda mai shafi ɗaya tak, da ɗan zane a jikinta. Daga wannan takarda ilmin tsare ingancin aiki ya samo tushe.

Ga abin da ya lura. Ba wani aiki a duniya da ke fitowa daidai wa daida kullum. Ko mace ɗaya ce ke tuya, da ƙullu ɗaya, da kasko ɗaya, ƙosanta ba za su zo girma ɗaya ba. Wannan irin bambanci ɗabi'ar aikin ce, daga kayan aiki da wurin aiki da yadda aka shirya shi yake fitowa, ba a iya ɗora shi a kan mutum guda. Akwai kuma wani bambanci na dabam, wanda ke da sanadi takamaimai, kamar a ce inji ya kwance, ko an kawo ruɓaɓɓen wake. Shewhart ya ce a riƙa rubuta yawan ɓarnar kowace rana a kan takarda, a ja layi a tsakiya, a ja ɗaya sama ɗaya ƙasa bisa ga lissafi. In ɓarnar yau ta faɗo tsakanin layukan nan, kada a tsai da aiki ana neman mai laifi, domin ba shi. In ta tsallake layi, to, a tashi a bincika, akwai dalili. Ya kuma nuna cewa wanda ke taɓa inji kowane lokaci ya ga ɗan bambanci, yana zaton gyara yake yi, ƙara ɓata aikin yake.

WASAN JAJAYEN DUWATSU

Wanda ya ɗauki wannan ilmi ya yawata duniya da shi shi ne W. Edwards Deming, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1993. Har ƙarshen ransa yana tara manajoji ɗaruruwa yana koyar da su kwana huɗu a jere, kuma yana da wani wasa da yakan yi musu, wanda muke so masu karatu su saurara da kyau.

Yakan kawo akwati cike da 'yan duwatsun ado 4,000, farare 3,200, jajaye 800, an gauraya su. Sai ya kira mutum shida daga cikin masu sauraro ya ce ya ɗauke su aiki, ya naɗa masu dubawa, da magatakarda mai rubuta sakamako, shi kuwa ya zama shugaban aiki. Ya ba su wani ɗan allo mai ramuka 50. Aikin shi ne kowa ya tsoma allon cikin akwati ya ɗebo duwatsu 50. Mai saye farare kaɗai yake so, saboda haka kowane ja ɓarna ne. Ya koya musu yadda za su riƙe allon, da yadda za su tsoma shi, ya hana su magana, ya hana su canja kome.

Sai a fara. Wannan ya ɗebo jajaye bakwai, shugaba ya yaba masa, ya ce ga ma'aikacin kirki, a ba shi lada. Wancan ya ɗebo goma sha huɗu, a yi masa faɗa a gaban jama'a, a ce ya yi hattara da abincinsa. Kashegari gwanin jiya ya ɗebo goma sha uku, sai shugaba ya ce yabo ya sa shi girman kai. Wanda aka yi wa faɗa ya ɗebo takwas, sai a ce ka gani, horo ya yi amfani. Haka za a yi ta yi har kwana huɗu na wasa. Daga bisani ya sallami uku da suka fi ɓarna, ya bar gwanaye uku su yi aikin ninki biyu. Sakamakon bai canja ba.

Dalili a fili yake. Tun da ɗaya cikin biyar na duwatsun ja ne, duk wanda ya ɗebo 50 zai sami jajaye wajen goma, yau ƙasa kaɗan, gobe sama kaɗan, ko shi waye. Ladan da aka bayar, da faɗan da aka yi, da korar da aka yi, duk a kan sa'a aka yi su. Mai ikon rage jajaye shi ne wanda ya sayo akwatin, watau shugaba, shi kuwa ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ya fi ba mu mamaki cikin labarin wasan nan shi ne, manyan mutane masu hankali, da sun san sarai wasa ne, duk da haka hannunsu yakan yi rawa in an zo ƙirga jajayensu. Ina ga akawun da albashinsa na gaske ne ke rataye?

Deming ya ce a ganinsa kashi 94 cikin ɗari na matsalolin aiki daga tsari suke, gyaransu kuwa sai shugabanni. Mu dai faɗi gaskiya, wannan adadi kintace ne na dattijo mai dogon gani, ba awo ne aka yi ba. Awon ya zo daga baya.

DAGA JAPAN ZUWA KALIFONIYA

Mutanensa na Amurka ba su kula shi sosai ba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin a lokacin duk abin da suka ƙera yana da mai saye. Mutanen Japan ne, waɗanda yaƙi ya rushe musu ƙasa, kayansu kuma aka san su da araha da saurin lalacewa, suka gayyace shi a 1950. Ya koyar da injiniyoyi, ya kuma zauna da shugabannin kamfanoni da kansu. A 1951 suka kafa wata lambar yabo da sunansa, a 1954 suka gayyato wani masani kuma, Joseph Juran, a 1960 Sarkin Japan ya ba Deming lambar girma. Sai a 1980, da motocin Japan suka cika kasuwannin Amurka, wani gidan talabijin ya nuna labarinsa, sa'an nan mutanen gida suka farga da shi yana ɗan shekara kusan 80.

Wasu suka ce ai abin halin mutanen Japan ne, su masu biyayya ne da ƙwazo, ba zai yiwu a wani wuri ba. Amsar wannan ta fito daga garin Fremont na Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da ma'aikatar motoci a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fashi da miyagun motoci, kullum wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta tare da kamfanin Toyota, aka komo da ɗimbin tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba su gyaruwa. Abin da aka canja shi ne tsari. Da can doka ita ce kada a tsai da layin ƙira ko me ya faru. Yanzu aka rataya igiya bisa kan kowane ma'aikaci, in ya ga abin da bai yi daidai ba ya ja, shugaban ƙungiyarsa ya sheƙo ya taimake shi, in ba a gyara ba layi ya tsaya. Ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun gaba wajen inganci cikin dukan ma'aikatun General Motors, fashi kuma ya ragu ƙwarai. Ma'aikatar ta yi aiki har 2010.

DA ABIN YA ZAMA YAYI

Daga nan sai abin ya zama yayi. A 1987 Gwamnatin Amurka ta kafa tata lambar yabo ta inganci, mai suna Baldrige, a shekarar kuma aka fito da ƙa'idodin duniya da ake kira ISO 9000. Kowane kamfani ya kafa kwamiti, ya buga takardu, ya manna kirari a bango. Wani kamfani na jihar Texas, Wallace, ya ci lambar Baldrige a 1990, a 1992 ya kai kansa kotu saboda bashi ya fi ƙarfinsa. Masu shakka suka sami abin faɗa, masana kuma suka ga dole a auna.

Kevin Hendricks da Vinod Singhal suka ɗauki kamfanoni wajen 600 da suka ci lambobin inganci, suka gwada su da takwarorinsu da ba su ci ba, suka fara bayyana sakamako a 1997. Sun tarar ribar masu lambar ta fi ta sauran haɓaka nesa ba kusa ba, amma sai bayan shekaru, ba a shekarar farko ba. Sai dai mai hankali zai ce, wanda ya ci lamba ai da ma gwani ne, me ya tabbatar tsarin ne ya ɗaga shi?

Binciken da Thomas Powell ya bayyana a 1995 ya fi ƙanƙanta, amma a ganinmu ya fi taɓa inda gizo ke saƙa. Ya rarraba tsarin gunduwa-gunduwa ya duba wace gunduwa ce ke tafiya tare da nasara. Ya tarar kayan da ake iya saye ko kwaikwayo, watau kwas-kwas da zane-zane da gwada kai da wasu kamfanoni, su kaɗai ba sa ba kamfani fifiko. Abubuwan da ke bayarwa su ne shugaba ya sa kansa cikin aikin da gaske, a bar ƙofa a buɗe ƙarami ya faɗi gaskiya ba tsoro, a kuma ba ma'aikaci ikon gyara abin da ke gabansa. Kamfanin da ke da waɗannan yakan ci gaba ko bai taɓa kafa kwamitin inganci ba.

GWAJIN MASAƘUN INDIYA

Domin a kashe gardama, sai wasu masana, cikinsu da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da David McKenzie na Bankin Duniya, suka yi irin gwajin da likitoci ke yi wa sabon magani. A 2008 suka tafi masaƙun auduga da ke kusa da Mumbai, birnin da a da ake kira Bombai, suka sami kamfanoni 17. Aka jefa ƙuri'a. Masaƙu 14 aka tura musu ƙwararru suka zauna da su wata biyar, shida kuwa aka duba su wata ɗaya kawai aka ba su shawara aka tafi.

Abin da suka tarar a masaƙun, wanda ya taɓa leƙa siton wani ofis ba zai yi mamakinsa ba. Zare jibge a ƙasa ba lamba ba rajista, wani ya jiƙe ya ruɓe, kayan gyara warwatse, inji ba a duba shi sai ya mutu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikata aikinsa kawai gyaran yadin da aka saƙa da aibi. Ana gyarawa, amma ba mai rubuta wane irin aibi ne, a wane inji, a wace rana. Ƙwararrun suka kawo dabaru 38, ba ko ɗaya da ya fi ƙarfin ɗan makarantar midil. A rubuta kowane aibi da irinsa. A zauna kowace safiya a duba na jiya, a gyara injin da ke kawo shi kafin ya ɓata wani yadin. A jera zare a kan kanta, a ƙirga shi. A share ƙasa.

Cikin shekara guda amfanin aikin masaƙun da aka taimaka ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari, aibin yadi ya ragu da kusan rabi. An bayyana wannan a 2013. Da aka tambayi masu masaƙun me ya hana su yin haka tuntuni, sai aka ga wasu dabarun ba su taɓa jin labarinsu ba, wasu kuwa sun ji amma ba su yarda za su biya wahalarsu ba, domin kowa yana ganin yadinsa bai fi na maƙwabcinsa muni ba. An kuma lura girman kamfani yana bin yawan 'ya'ya maza da 'yan'uwan mai shi, domin ba ya amince wa bare ya riƙe masa masaƙa. Ba shi da rubutaccen lissafin da zai gane in ana cutarsa, saboda haka sai jininsa.

NA GIDA

Kada masu karatu su ce duk wannan labarin 'yan kasuwa ne. An yi irinsa a kan aikin Gwamnati a nan Nijeriya. Bayan da aka yafe wa ƙasar nan bashin dala miliyan dubu 18 a 2005, an sa injiniyoyi masu zaman kansu su zaga su duba ayyukan raya ƙasa da idonsu, su rubuta inda kowane ya tsaya. Wasu masana biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, suka tattara rahotannin ayyuka wajen 4,700 na hukumomin Gwamnatin Tarayya 63, rijiyoyin burtsatse da gine-gine da madatsun ruwa da hanyoyi da kai wutar lantarki. Suka kuma bi hukumomin suna tambayar yadda ake tafiyar da ma'aikata. Sakamakon ya fito a 2018.

Abu na farko mai ɗaci ne: kashi 38 cikin ɗari na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Na biyu kuwa ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Hukumomin da ke sakar wa ma'aikatansu mara, su ba su ikon yanke shawara da sauya dabara in hali ya canja, su suka fi kammala ayyuka. Waɗanda suka fi tsananta sa ido a kan ma'aikaci da rataya masa lada da horo, su suka fi barin aiki a hanya. Masanan sun ce aikin ma'aikacin Gwamnati rassa gare shi da yawa, in aka ɗaura ladansa a kan reshen da ke da sauƙin ƙirgawa sai ya bar sauran. In kuma ladan a hannun ra'ayin shugaba yake, sai ƙarfin ma'aikaci ya koma ga neman shiga wurin shugaba, rijiya kuwa tana can ba a haƙa ba. Su da kansu sun yi gargaɗi cewa nasu ba gwajin ƙuri'a ba ne irin na Indiya, abin da suka gani tafiya tare ce. Amma da suka sake irin binciken a Gana tare da Martin Williams, sai suka tarar da kusan abu ɗaya.

To, ga alama nan akwai karo. A Indiya ƙirge-ƙirge ya gyara aiki, a Nijeriya sa ido ya ɓata shi. Mu a namu ganin ba karo ba ne, abin da ake ƙirgawa ne ya bambanta, da abin da ake yi da ƙirgar. A masaƙa aibin yadi ake rubutawa domin a gano injin da ke kawo shi, kuma masaƙi ba ya jin tsoron nunawa, shi ne ma ya fi kowa sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ofis kuwa mutum ake aunawa domin a san wanda za a ba takardar tuhuma. Wanda ya san kuskuren da ya bayyana shi za a yanka shi da shi, ɓoyewa zai yi, shugaba kuma ya zauna da rahotanni masu daɗin karatu.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan. A Ingila, daga 1862, an ɗaura kuɗin da Gwamnati ke ba makaranta a kan yawan yaran da suka ci jarrabawar sufeto. Malamai suka koma sa yara hadda kamar aku, aka yi watsi da duk darasin da ba a jarraba shi, har aka gaji aka soke tsarin kafin ƙarnin ya ƙare. A birnin Atlanta na Amurka, inda aka matsa wa makarantu lamba a kan makin jarrabawa, binciken hukuma na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu cikin maguɗi, har da goge amsoshin yara a gyara. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Ba muna wanke su ba ne. Amma wanda ya ce wa mutum lalle ya ɗebo farare zalla daga akwatin da ke da jajaye 800, ya koya masa ɓoye jajaye a aljihu.

Kada kuma malalaci ya karanta wannan ya yi murna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma satar ɓera tana nan. Akwai akawun da ke ɓatar da fayil da gangan, akwai malamin da ba ya shiga aji. Zanen nan na Shewhart shi ne ma ke tona irinsu, domin wanda ɓarnarsa ke tsallake layi wata bayan wata, alhali abokan aikinsa suna ciki, ba shi da akwatin da zai fake da shi. Abin da zanen ya hana shi ne a hukunta na ƙarshe a jeri don kawai shi ne na ƙarshe, tun da kowane jeri dole ya sami na ƙarshe, ko da jerin gwanaye ne.

A 2017 masanan nan suka koma masaƙun Indiya su ga abin da ya saura bayan shekara takwas ko tara. Sun tarar masaƙun da aka taimaka har a lokacin suna gaba da sauran, wasu dabarun ma sun yaɗu zuwa sauran masaƙun kamfani ɗaya. Amma wajen rabin dabarun da aka ɗauka an yar da su. Da aka bi sawu, manyan dalilai biyu aka samu: ko dai manajan da ya koyi abin ya bar aiki an kawo sabo, ko kuwa masu kamfanin sun shagala da wasu harkoki, sun daina samun lokacin duba takardun da ake kawo musu.